Tarihin Wata Baƙuwar Ciyawa da Sunayen da Aka Raɗa Mata

Sanin kowa ne cewa masu binciken tarihin ƙasashenmu sun fi dogara ga abubuwa uku, watau littattafan malamai na Larabci da na ajami, da takardun da Turawan mulki suka bari, da kuma labarin da a ke ɗauka daga bakin dattawa da maroƙan sarakuna. Akwai shaida ta huɗu wadda ba a cika waiwayarta ba, ita ce sunayen da talakawa ke raɗa wa abubuwan da suka faɗo musu ba zato, ko yunwa, ko cuta, ko baƙon tsiro. Hausawa sun ce suna linzami ne. Nufin wannan takarda shi ne mu bi tarihin wata ciyawa guda wadda ta ƙetare tekuna biyu kafin ta iso Afirka ta Yamma, mu dubi sunayen da aka yi ta ba ta a hanya, domin mu ga abin da irin wannan shaida ke iya tabbatarwa, da kuma inda ta kan ɓad da mai bincike in bai yi hattara ba.

Siffarta da danginta

Masana tsirrai suna kiran wannan ciyawa Chromolaena odorata. Linnaeus, mutumin Suwidin wanda ya kafa tsarin sunayen tsirrai na Latin, shi ya fara rubuta ta cikin 1759 da sunan Eupatorium odoratum, kuma da wannan suna aka san ta fiye da shekara 200, har 1970 sa'ad da masana biyu na Amurka, King da Robinson, suka mai da ita cikin jinsin Chromolaena. Saboda haka wanda ya duba rahotannin aikin gona na shekarun 1950 da 1960, tsohon sunan zai tarar. Kalmar odorata kuwa ma'anarta mai ƙanshi ko mai wari, gama in aka murje ganyenta a hannu ya kan ba da wani wari mai ƙarfi wanda ba shi da saurin fita.

Danginta shi ne wanda a ke kira Compositae ko Asteraceae, yana cikin mafi yawan dangogin tsirrai masu fure, irinsa ya wuce 20,000. Mu ma muna da 'yan wannan dangi a gida, kamar shuwaka da tazargade da latas. Alamar da ta haɗa su ita ce, abin da ido ke gani kamar fure guda, in an duba da kyau taron ƙananan furanni ne a kai ɗaya. Ita wannan ciyawa, ko da ya ke ciyawa a ke ce mata, ta fi kama da ƙaramin kurmi. A fili ta kan kai ƙafa 6 zuwa 10, in kuwa ta sami itacen da za ta jingina sai ta hau shi ta ninka haka. Ganyenta bibbiyu ne suna fuskantar juna, mai kusurwa uku, da jijiya uku a bayyane. Furenta fari ne mai ratsin shuɗi-shuɗi, a ƙasashenmu ya kan fito da farkon rani, wajen Disamba da Janairu. 'Ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, kowane da ɗan gashi a ka wanda iska ke ɗauka, kuma gindi guda ya kan zub da dubbai barkatai. Su kan maƙale a tufafi da gashin dabbobi da ƙafafun motoci. In ta bushe da rani wuta na cinta kamar an zuba kananzir, amma saiwar ba ta mutuwa, ruwan farko na sauka sai ta tofo. Abu biyu ne ba ta jurewa, inuwa mai duhu da dogon fari. Tana son ƙasar da ke samun ruwa inci 40 ko fiye a shekara.

Daga Amurka zuwa Asiya

Asalinta nahiyar Amurka ce, tun daga kudancin ƙasar Amurka, wajen Fulorida da Tekzas, ta ratsa Meksiko da tsibiran Karibiyan har arewacin Ajantina. A can gida ba wanda ya damu da ita. Furen daji ce kawai cikin ɗaruruwan 'yan'uwanta, ta kan fito a bakin hanya ko a saura, bayan 'yan shekaru itatuwa su rufe ta. Dalili kuwa, akwai ƙwari da cututtuka masu yawa da suka saba cinta tun fil azal, ba su barinta ta yi ƙarfi.

Turawa ne suka fitar da ita. A ƙarni na 19 Ingilishi suna da al'adar tara tsirrai daga kowace kusurwa ta duniya a manyan lambunan gwaji, kuma wajen 1845 sunanta ya riga ya shiga lissafin tsirran da a ke reno a lambunan Kalkata da kewaye, a ƙasar Indiya, inda aka kawo ta don ado. Daga lambu ta tsallake shinge. Sannu a hankali ta bi ƙasar Bengal da Asam, ta shiga Bama da Siyam, wadda yanzu a ke kira Tailan, ta kai Lawos da Biyetnam. Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, ya ƙara mata gudu, domin sojoji sun yi ta sare daji suna yanka hanyoyi da filayen jirgin sama, motocinsu kuwa suna kwasar 'ya'yanta daga wannan ƙasa zuwa waccan. Duk inda aka buɗe daji rana ta sauka a ƙasa, nan ta ke kafa sansani. Ƙwarin da ke cinta kuwa an baro su can bayan teku.

Shigowarta Afirka

Ba sau ɗaya ta shigo Afirka ba, kuma ba ta ƙofa ɗaya ba. Shigowar farko da aka rubuta ita ce ta Nijeriya, cikin 1937. Ma'aikatan gandun daji sun yi odar irin itacen malaina daga tsibirin Silon, watau Siri Lanka ta yanzu, domin shukawa kusa da Inugu, garin haƙar kwal, sai 'ya'yan ciyawar suka biyo cikin irin ba da sanin kowa ba. Cikin 'yan shekaru aka fara ganinta a kewayen gandun. Kafin 1960 ta game Jihar Gabas, ta haye Kwara zuwa Jihar Yamma, ta kuma nufi Kamaru.

Shigowa ta biyu da gangan aka yi ta. Cikin 1952 wani babban masanin tsirrai na Faransa, Auguste Chevalier, ya buga maƙala yana ba da shawara a gaggauta kawo ta Afirka, domin an ga yadda ta ke danne tofa a ƙasashen Asiya da Faransa ke mulka. Duk manomin da ya taɓa fama da tofa ya san abin da ya sa shawarar ta yi daɗin ji. A wajen wannan shekara aka shuka ta a Kwaddebuwa, a gonakin kofi da na kwakwar manja, don ta rufe ƙasa. A Gana kuwa cikin 1969 aka fara rubuta ganinta.

Akwai kuma shigowa ta uku, wadda ba ta da haɗi da waɗannan. Cikin shekarun 1940 aka ga wani launinta dabam kusa da Daban, a Afirka ta Kudu, mai farin fure da ganye marar gashi, wanda bincike ya nuna daga tsibiran Jamaika da Kuba ya fito kai tsaye. Can ta yi ɓarna irin wadda ba wanda ya zata. Wani bincike da aka buga cikin 2001 ya nuna cewa a tafkin Santa Lusiya inuwarta tana sanyaya rairayin da kadoji ke binne ƙwai a ciki, ga shi kuwa zafin rairayi ne ke sa ɗan kada ya fito namiji ko tamace, sai ya zama mata sun fi yawa, wani ƙwan ma ba ya ƙyanƙyashewa. A Ostareliya sai 1994 aka gano ta. Cikin 2000 aka sa ta a jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya.

Sunayen da ke nuna wuri

To, ga tarihin kamar yadda takardu suka ba da shi. Yanzu sai mu juya ga bakin mutane. Sunayen da aka ba wannan ciyawa sun kasu gida biyu manya. Kashi na farko su ne masu jingina ta ga wata ƙasa ko wata al'umma. Ingilishi suna ce mata ciyawar Siyam. Faransawa suna ce mata ciyawar Lawos, mutanen Biyetnam ma haka. Su kuwa mutanen Lawos, da aka laƙaba musu ita, ciyawar Faransawa su ke ce mata. Mai karatu zai lura cewa kowa maƙwabcinsa ya nuna, ko wanda ya zo ya mallake shi, kuma babu ko ɗaya daga cikin sunayen nan da ya ambaci Amurka, inda ta fito.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin Hausa. Yawancin masana sun tafi a kan cewa kalmar masara daga Masar ta ke, watau dawar Masar, alhali masara tsiron Meksiko ce, ba ta ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Haka gwanda, wadda a dā a ke ce wa gwandar Masar don a bambanta ta da gwandar daji, ita ma 'yar Amurka ce. Dankalin Turawa kuwa daga duwatsun Andis na Amurka ta Kudu ya ke, Turawa dai su suka kawo mana shi. Ƙa'idar da za mu ɗauka ke nan: sunan wuri ba ya faɗin mahaifar tsiro, zangon ƙarshe ya ke faɗi, ko hannun da ya miƙo shi. Wanda ya karanta masara ya ce asalinta Masar ya yi kuskure. Amma wanda ya ce sunan na nuna cewa Hausawa sun ɗauka ta hanyar gabas ko arewa ta zo musu, tare da fatake da alhazai, ya sami abin da zai bi ya bincika.

Sunayen da ke nuna zamani

Kashi na biyu ya fi ban sha'awa, su ne masu jingina ciyawar ga wani mai mulki ko wani babban al'amari. A kudancin Nijeriya an kira ta da sunan Sarauniya Elizabeth, wadda ta ziyarci ƙasar a farkon 1956. An kira ta ciyawar 'yancin kai, saboda 1960. A ƙasar Yarabawa sunaye biyu suka fi kama baki, Awolowo da Akintola. Cif Obafemi Awolowo shi ne Firimiyan Jihar Yamma daga 1954 zuwa 1959, Cif Ladoke Akintola ya gaje shi, suka ɓata cikin 1962, rikicin ya yi ta ci har aka kashe Akintola ran 15 ga Janairu 1966. A Kwaddebuwa ma an kira ta 'yancin kai, an kuma kira ta Seku Ture, da sunan shugaban Gini wanda ya ƙi tayin Faransa cikin 1958, wanda kuma ya daɗe ba ya ga maciji da Shugaba Houphouët-Boigny. A Gana wasu sun kira ta Busia, Firayim Ministan da ya yi mulki daga 1969 zuwa 1972, amma sunan da ya zauna shi ne Acheampong, sojan da ya tumɓuke Busia ya riƙe ƙasar daga 1972 zuwa 1978. A Kamaru Bokasa a ke ce mata, da sunan mai mulkin Afirka ta Tsakiya daga 1966 zuwa 1979. A Kwango ta Barazabil an haɗa ta da sunan Shugaba Marien Ngouabi, wanda aka kashe cikin 1977. Al'adar ba ta tsaya ga Afirka ba. A jihar Kerala ta Indiya sunanta koren Kwaminis, domin yaɗuwarta ta zo daidai da gwamnatin 'yan Kwaminis da aka zaɓa can cikin 1957.

In muka jera waɗannan sunaye kusa da shekarun da takardu suka ba mu, abu na farko da zai bayyana shi ne tazara. A Nijeriya ta shigo cikin 1937, amma sunayenta duk na tsakanin 1954 da 1966 ne, watau kusan shekara 20 bayan isowarta. A Kwaddebuwa an shuka ta wajen 1952, sunan 'yancin kai kuwa na 1960 ne. A Gana an rubuta ta cikin 1969, sunan da ya ci nasara na shekarun 1970 ne. Masana tsirrai sun san dalilin wannan. Baƙon tsiro ya kan yi shekaru a laɓe, kaɗan nan kaɗan can, kafin yawansa ya kai inda zai ɓarke. Malamin gandun daji ya kan gan shi tun yana laɓe ya rubuta. Manomi kuwa ba ya raɗa masa suna sai ranar da ya tare masa hanyar gona. Saboda haka ƙa'ida ta biyu ita ce: sunan mai mulki ba ya faɗin shekarar da tsiro ya iso, shekarar da ya zama damuwa ya ke faɗi. Takarda da baki ba su saɓa wa juna ba, kowanne abin da ya gani ya shaida. Har ma a iya cewa bakin ya ba mu abin da takardar ba ta da shi, gama daga sunayen nan kaɗai mutum na iya zana tafiyar ɓarkewar, daga Nijeriya a shekarun 1950, zuwa Kwaddebuwa a 1960, zuwa Gana da Kamaru da Kwango a shekarun 1970.

Abu na biyu shi ne, kada a ɗauka wanda aka sa wa sunan shi ya kawo ciyawar. Acheampong bai hau mulki ba sai da ta shekara uku a Gana. Seku Ture bai mulki Kwaddebuwa ba, Bokasa bai mulki Kamaru ba. Wanda ya ba da shawarar kawo ta da bakinsa, watau Chevalier, ba a san ta da sunansa ba. A nan ma muna da abin kwatance. Ciwon idon nan da mu ke kira afolo a Gana ya fara ɓulla cikin 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutum duniyar wata, ba abin da ya haɗa su sai zamani. Amma yunwar 1984 zuwa 1985, wadda Hausawan Nijar suka kira El Buhari, sunanta ya wuce zamani kawai, domin gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka cikin 1984, hatsin da aka saba samu daga kudu ya yanke. Ga sunaye biyu masu gini iri ɗaya, ɗaya kwanan wata ne kawai, ɗaya kuwa ƙara ce aka kai. Sunan da kansa ba zai gaya wa mai bincike ko wanne ne ba, sai ya nemo wata shaida daga waje.

Abu na uku ya shafi habaici. Ba shakka wanda ya dubi ciyawar da ta cinye gona, wadda a ke sara ta tofo, a ƙone ta dawo, ya sa mata sunan mai mulki, akwai abin da ya ke nufi, kuma hanya ce ta faɗin magana a zamanin da faɗinta a fili ke jawo ɗauri. Amma kada mu yi gaggawar cewa kowane suna zagi ne. A ƙasar Yarabawa mutanen gari ɗaya sun rabu biyu a kan Awolowo da Akintola, kuma taurin kai da ƙin mutuwa abu ne da maƙiyi zai kira aibi, masoyi ya kira kirari. Sai an san wanda ya fara faɗi, da garin da ya faɗa, kafin a yanke hukunci.

Ta fuskar nahawu kuma akwai abin lura. Sunan ya kan fara da kalma biyu, kamar yadda Yarabawa ke cewa ewe Akintola, watau ganyen Akintola, sa'an nan a hankali kalmar farko ta faɗi, sunan mutum ya zama sunan tsiro. Hanyar da dawar Masar ta bi ta zama masara ke nan. In haka ta faru, tarihin da ke cikin kalmar ya fara dushewa, har a kai ga yaron da zai ce an aike shi ya tsinko Acheampong bai san an taɓa yin wani mutum mai wannan suna ba.

Annoba ce ko taki?

Dalilin da ya sa sunayen ba su taru a kan zagi kaɗai ba shi ne, ita kanta ciyawar mutane ba su taru a kan hukuncinta ba. Masu manyan gonakin kwakwar manja da roba da koko da masu gandun daji sun ɗauke ta annoba, domin tana shaƙe dashe tun yana ƙarami, tana cin kuɗin lebura, tana jawo gobara. Makiyaya ma ba su ga alherinta ba. Tana kashe ciyawar kiwo, shanu ba su cinta, in kuwa yunwa ta sa suka ci ɗanyen tofonta ya kan yi musu lahani. Bugu da ƙari an gano cewa wata fara mai zane-zane mai wari, wadda masana ke kira Zonocerus variegatus, tana tsotsar wani dafi daga furenta tana ajiyewa a jikinta don kare kanta da ƙwanta, kuma yawaitar wannan fara da rani, mai cin rogo, ya bi sawun yaɗuwar ciyawar.

Ƙaramin manomi na kurmi kuwa ya ga wani abu dabam. A dā ya kan bar saura ta huta shekara 10 ko fiye. Da mutane suka yi yawa ƙasa ta ƙaranta, hutun ya koma shekara uku ko huɗu, tofa ta fara cin gonaki. Sai ga baƙuwa ta zo tana rufe saura cikin damina ɗaya, tana kashe tofa da inuwarta, tana zub da ganye mai yawa da ke ruɓewa ya zama taki, ga ta kuma da sauƙin sara fiye da tonon saiwar tofa. Manoma da yawa a kudancin Kamaru da Kwaddebuwa sun mai da ita abokiyar aiki. Ban da wannan, kusan duk inda ta je an gano cewa ruwan ganyenta na tsai da jinin sabon rauni, a Gana har a kan yi amfani da ita wajen adana gawa kafin biso.

Wannan saɓani ya kai har ga masana. Cikin 1966 cibiyar binciken kwakwar manja ta Nijeriya ta ba da kuɗi aka fara bincike a tsibirin Tirinidad, inda wata masaniyar ƙwari, Rachel Cruttwell, ta yi ta tattara ƙwarin da ke cin ciyawar a gidanta na asali. Daga cikinsu aka zaɓi wani malam-buɗe-littafi na dare, Pareuchaetes pseudoinsulata, wanda tsutsarsa ke cin ganyen. An sake shi a Nijeriya da Gana cikin shekarun 1970 bai kama ba. Ya kama a tsibirin Guwam bayan 1985, aka sake gwadawa a Gana a farkon shekarun 1990, wannan karo ya zauna ya rage mata ƙarfi. Amma a taron masana da aka yi a Abijan cikin 1993 an ja daga sosai, waɗansu suna cewa bai kamata a saki ƙwaro a kan tsiron da talaka ke amfana da shi ba, tun da ya ke ƙwaro ba ya sanin iyakar gona balle ta ƙasa. Cikin 2003 aka saki wani ƙuda, Cecidochares connexa, a Kwaddebuwa, wanda ke sa kara ya yi ƙulli ya kasa girma, daga nan ya bazu da kansa zuwa Gana da Nijeriya. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Wannan baƙuwa dai ta shekara fiye da 80 a Afirka ta Yamma, ba wanda ke zancen korarta kuma, sai dai rage mata ƙarfi.

Abin da ya rage gare mu

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa sashen Hausa da ciyawar kurmi? Gaskiya ne ƙarancin ruwa da tsawon rani sun tsare Katsina da Sakkwato da Damagaram daga gare ta. Amma makiyayan da ke gangarawa ƙasashen Binuwai da Kwara da rani sun sha karo da ita, haka Hausawan da ke zaune a zangunan Gana da Kamaru suna cikin masu jin sunayen nan kullum. Abin da ya fi wannan, darasin da ta koya mana ya shafi namu tsirran. Muna da baƙi da yawa waɗanda ba a bi tarihin sunayensu ba. Akwai kashin yawo, ɗan wannan dangi ne shi ma, daga Amurka ya zo, sunansa ma ya faɗi halinsa na maƙalewa a jikin dabba ya bi ta duk inda ta nufa. Akwai itacen nan na Indiya da aka fara dasawa a Barno wajen 1928, wanda wani gari ke ce wa dogon yaro, wani darbejiya, wani maina, wani bedi. Sunaye huɗu ga itace ɗaya da bai cika shekara 100 a ƙasar ba, lalle kowane suna akwai labarin da ya haife shi.

Likita J. M. Dalziel ya buga littafinsa na sunayen tsirrai na Hausa cikin 1916, ya kuma buga babban littafinsa na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma cikin 1937, shekarar da ciyawar nan ke sauka a Inugu. Bargery ya fid da ƙamusunsa cikin 1934, Abraham cikin 1949. Aikinsu gwani ne, amma abin da suka nema shi ne wane suna ya dace da wane tsiro. Ba su cika tambayar yaushe aka fara faɗin sunan ba, ko wa ya raɗa shi. Wannan gurbi malaman kwalejojin horon malamai sun fi kowa damar cike shi, domin ɗalibansu daga kowace gunduma su ke, kuma kowane hutu suna komawa gida. In aka ba kowane ɗalibi aikin ya samo tsirrai biyar da dattawan garinsu suka ce ba su taso sun tarar ba, ya rubuta sunan da tsawon wasali da karin sauti, ya kawo ganye da fure a matse cikin takarda don a tabbatar da irinsa, sa'an nan ya tambayi abu huɗu, watau wa ke faɗin sunan, a ina, tun zamanin wane sarki ko wane hakimi, kuma me ya sa, to cikin shekara biyu ko uku za a tara abin da babu shi a kowane ƙamus. Sharaɗi guda ne, a rubuta amsar kamar yadda aka ba da ita, ko da ɗalibin ya ga ba daidai ba ce, gama mun ga yadda sunan da ya kuskure mahaifar tsiro ya ke faɗin gaskiya game da hanyarsa. Kuma a fara da tsofaffi, tun suna nan.